Bayan Saban: Abin da ke samun ƙungiyar jami'a a Amurka idan kocinta ya tafi

Da yammacin Laraba, 10 ga Janairun 2024, Nick Saban, babban kocin ƙwallon Amurka na Jami'ar Alabama, ya tara 'yan wasansa ya shaida musu cewa ya ajiye aiki. Yana da shekara 72 a lokacin, ya yi kaka 17 yana horar da ƙungiyar, ya kuma ci mata kofin ƙasa sau shida. Bayan kwana biyu aka naɗa magajinsa. Amma kafin watan ya ƙare, wasu daga cikin fitattun 'yan wasan ƙungiyar sun kwashe kayansu sun koma jami'o'in da ke hamayya da ita, ba a biya Alabama ko sisi ba, ba su kuma nemi izinin kowa ba. Wasu jami'o'i biyar kuwa, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, suka wayi gari suna neman sabon koci.

Wanda ya saba da ƙwallon Turai zai ga abin bambaraƙwai. Da Alex Ferguson ya bar Manchester United a 2013, 'yan wasan da ya bari suna ɗaure da kwantiragi, duk mai son ɗaya daga cikinsu sai ya zo da kuɗi a zauna a yi ciniki. To me ya sa a Amurka tafiyar mutum ɗaya take iya watsa ƙungiya cikin mako biyu? Kuma yaya aka yi ɗalibin jami'a ya kai matsayin da ake cinikinsa da miliyoyin daloli?

Wasan da gidan da ake buga shi

Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon Amurka, wanda ya fi kama da zari-ruga: ana riƙe ƙwallon a hannu, ana jefa shi, 'yan wasa 11 a kowane ɓangare, sanye da hular kwano da sulke. Babbar gasar ƙwararru ita ce NFL mai ƙungiyoyi 32. Sai dai NFL ba ta da makarantun renon yara irin na kulob-kulob ɗin Turai, kuma dokarta ta hana ɗaukar matashi sai ya yi shekara uku da gama sakandare. Waɗannan shekarun a jami'a ake yin su. Saboda haka jami'o'i ne ke renon 'yan wasa, ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna NCAA, kuma jami'o'i sama da 130 ne ke buga rukuni mafi girma.

A kudancin Amurka wasan jami'a ya fi na ƙwararru farin jini a wurare da dama. Jihar Alabama ba ta da ƙungiya ko ɗaya a NFL. Filin wasan jami'ar da ke garin Tuscaloosa, Bryant-Denny, yana ɗaukar mutum sama da 100,000, wato ya fi Old Trafford da Wembley. Kuɗin da ke shigowa daga talabijin ma ba na wasa ba ne: yarjejeniyar da tashar ESPN ta ƙulla don nuna gasar cin kofin ƙasa kaɗai ta kai kusan dala biliyan 1.3 a shekara.

Abu ɗaya da ya raba wannan tsari da na kulob shi ne wa'adi. A tsarin da aka daɗe ana bi, ɗalibi yana da kaka huɗu ne da zai buga a cikin shekara biyar, fitattu kuma sukan tafi NFL bayan ta uku. Ko da babu wanda ya sauya sheƙa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙungiya yakan tafi duk shekara. Shi ya sa aikin koci a jami'a rabinsa horarwa ne, rabinsa nemo sababbin yara.

Zawarci, alƙawarin baki da sa hannu

Neman yaran sakandare shi ne zawarci, kuma yana farawa tun yaro na da shekara 15 ko 16. Kamfanoni irin su 247Sports da ESPN suna auna yaran su ba su taurari, mafi girma shi ne tauraro biyar, kuma a duk faɗin ƙasar yara talatin da 'yan kai ne ke samun biyar ɗin a shekara. Jami'a takan gayyaci yaro da iyayensa su zo su ga makaranta a aljihunta, koci kuma yakan je har gida ya zauna a falo da uwa da uba ya faɗa musu yadda zai riƙe musu ɗa.

Idan yaro ya gamsu sai ya sanar cewa ya zaɓi jami'a kaza. Wannan alƙawarin baki ne, kamar an sa rana ba a ɗaura aure ba. Yaro na iya janyewa, jami'a ma na iya janye tayinta, sauran masu zawarci kuma ba sa daina zuwa. Abin da ke ɗaure magana shi ne sa hannu a takarda. A da ranar Laraba ta farko a watan Fabrairu ake yin sa. A 2017 aka ƙara wani lokaci a watan Disamba, nan da nan mafi yawan yara suka koma sa hannu a lokacin, daga 2024 kuma aka matso da shi zuwa makon farko na Disamba.

A takarda, jami'a yaro ya zaɓa. A zahiri kuwa mutum ya zaɓa: kocin da ya zauna a falonsu, mataimakin da ya yi shekara biyu yana kiran wayarsa, da salon wasan da aka ce masa ya dace da shi. Duk rikicin da ke biyo bayan sauyin koci daga nan yake tasowa.

Yadda dokokin suka juye cikin shekara bakwai

Har zuwa 'yan shekarun nan, koci na iya barin jami'a yau ya fara aiki a wata gobe, amma ɗalibin da ya sauya makaranta sai ya zauna kaka guda ba ya buga wasa. Tsohuwar jami'arsa ma tana iya hana wasu makarantu tuntuɓarsa. Ba ya kuma karɓar komai sai karatu kyauta da abinci da wurin kwana. Wanda aka kama ya sayar da sa hannunsa ko rigarsa ana hukunta shi tare da makarantarsa.

A Oktoban 2018 aka buɗe kundin sauya sheƙa, wata rajista ta intanet da ɗalibi ke sa a shigar da sunansa, daga nan kowace jami'a na da damar nemansa. A Afrilun 2021 aka yarda ɗalibi ya sauya makaranta sau ɗaya ba tare da zaman jira ba. A watan Yuni na shekarar, alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara gaba ɗaya suka yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston. Hukuncin ya tsaya ne a kan tallafin da ya shafi karatu, amma Mai Shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa tsarin NCAA da a kusan kowace sana'a ce ta daban a Amurka, da haramtacce ne ƙarara. Lauyoyi sun fahimci saƙon. Ranar 1 ga Yulin 2021 aka ba ɗalibai damar cin moriyar sunansu da hotonsu ta hanyar talla, abin da ake taƙaitawa da NIL.

An yi zaton tallar kamfanoni za a riƙa yi. Abin da ya faru shi ne attajiran magoya bayan kowace jami'a suka kafa asusu suna tara kuɗi suna biyan 'yan wasa da sunan talla. Na Alabama sunansa Yea Alabama. A Disambar 2023 wani alƙalin tarayya a jihar West Virginia ya dakatar da dokar da ke hana sauya sheƙa karo na biyu, a Afrilun 2024 kuma NCAA ta saki gaba ɗaya: ɗalibin da karatunsa ke kan hanya yana iya sauya makaranta ko sau nawa.

Mataki na baya-bayan nan shi ne sulhun shari'ar House, wanda Mai Shari'a Claudia Wilken ta amince da shi ranar 6 ga Yunin 2025. Za a biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, kowace jami'a kuma tana iya raba wa 'yan wasanta kuɗi kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, a duk wasanni, kodayake ƙwallon Amurka ke cin kaso mafi tsoka. An kuma ƙayyade yawan 'yan wasan ƙungiya a 105.

Saban ya ajiye aiki ne a tsakiyar wannan juyi, lokacin da tsofaffin dokoki suka faɗi, sababbin ba su tsaya da ƙafarsu ba.

Kwana 30 na Alabama

Dokar da ke aiki a lokacin ta ce idan babban koci ya tafi, ana buɗe wa 'yan wasansa kundin sauya sheƙa na kwana 30 nan take. Matsalar Alabama ita ce wa'adin da aka ba kowa na lokacin sanyi ya riga ya rufe a farkon Janairu. 'Yan wasanta suna iya fita, na sauran jami'o'i ba sa iya shiga kundin sai Afrilu. Kowa na iya ɗiba daga rumbunta, ita kuwa ba ta da rumbun da za ta ɗiba. Wannan ne ya sa daraktan wasanni na jami'ar, Greg Byrne, ya roƙi 'yan wasan su ba shi kwana uku, ya kuma kammala naɗin kafin su cika.

Wanda ya ɗauko shi ne Kalen DeBoer na Jami'ar Washington, mutumin jihar South Dakota da ya fara suna a wata ƙaramar makaranta, Sioux Falls, inda ya ci wasa 67 aka ci shi uku kacal. A kaka biyu da ya yi a Washington ya ci 25 ya sha kashi a uku, kuma kwana huɗu kafin naɗinsa ya buga wasan ƙarshe na kofin ƙasa, inda Michigan ta doke shi da maki 34 da 13. Alabama ta ba shi kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 87, aka kuma biya Washington dala miliyan 12 na warware kwantiraginsa.

Saurin naɗin bai hana ɓaraka ba. Caleb Downs, mai tsaron baya da ya fi kowa tare abokan hamayya a ƙungiyar tun yana shekararsa ta farko, ya koma Ohio State, inda ya ci kofin ƙasa bayan shekara guda. Isaiah Bond, wanda ya cafe ƙwallon da ya ceci Alabama a hannun babbar abokiyar gabarta Auburn ana saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, ya koma Texas. Labarin Julian Sayin ne ya fi nuna yadda abin yake. Yaro ne mai tauraro biyar daga California, mai buga gurbin mai jifa, wato madugun da duk harin ƙungiya ke tashi daga hannunsa. Ya sa hannu a Disamba, ya iso Tuscaloosa ya fara karatu, sai mutumin da ya zo dominsa ya yi ritaya. Ko wasa ɗaya bai buga wa Alabama ba ya wuce Ohio State, a 2025 kuma ya shiga cikin mutum huɗu da aka gayyata bikin bayar da kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i.

Ba kowa ne ya tafi ba, kuma ba duk wanda ya tafi ne ya zauna ba. Kadyn Proctor ya koma Iowa, jiharsa ta haihuwa, bayan 'yan watanni ya dawo. Mai jifa Jalen Milroe ya tsaya, tsayawarsa kuma ta kwantar da hankalin wasu. Ryan Williams, ɗan sakandare daga garin Saraland a jihar Alabama, ya janye alƙawarinsa a ranar da Saban ya yi murabus, DeBoer ya sake zawarcinsa daga farko, bayan mako biyu ya dawo. Shi ma DeBoer ya zo da nasa daga Washington, da Germie Bernard da Parker Brailsford da Austin Mack, domin tafiyarsa ta buɗe wa 'yan wasan can kundin kwana 30 kamar yadda tafiyar Saban ta buɗe wa na nan.

Daga nan abin ya zama sarƙa. Washington ta ɗauke Jedd Fisch daga Arizona. Arizona ta ɗauke Brent Brennan daga San Jose State. DeBoer ya ɗauko manyan kociyoyin South Alabama da Buffalo, Kane Wommack da Maurice Linguist, ya mai da su mataimakansa, abin da ke nuna tazarar kuɗi tsakanin manyan jami'o'i da ƙanana: mataimaki a Alabama ya fi shugaba a can samu. Washington da ta kai wasan ƙarshe ta ci shida ta faɗi bakwai a kakar da ta biyo, kodayake ya kamata a ce da yawan taurarinta NFL suka tafi, ko DeBoer ya zauna ba za su zauna ba. Arizona da ta ci wasa goma a 2023 ta dawo huɗu.

Abin da fili ya nuna

Kakar DeBoer ta farko ta fara da armashi. A ƙarshen Satumbar 2024 Alabama ta doke Georgia da 41 da 34, Ryan Williams mai shekara 17 ne ya ci makin nasara da gudun yadi 75. Mako guda bayan haka, tana matsayin ta ɗaya a ƙasa, ta sha kashi a hannun Vanderbilt da 40 da 35, karon farko tun 1984. Ta ƙare da nasara tara, rashin nasara huɗu, ba ta samu shiga gasar kofin ƙasa mai ƙungiyoyi 12 ba. Rabon da Alabama ta kasa cin wasa goma a kaka tun 2007, shekarar Saban ta farko. A 2025 ta samu shiga gasar, ta fitar da Oklahoma, sannan Indiana ta lallasa ta da 38 da 3 ranar 1 ga Janairun 2026.

Wannan Indiana abar dubawa ce. Jami'a ce da ke cikin waɗanda suka fi shan kashi a tarihin wasan, wasa uku kacal ta ci a 2023. Ta ɗauko koci Curt Cignetti daga Jami'ar James Madison, shi kuma ya taho da 'yan wasansa sama da goma, manya da suka riga suka goge, waɗanda kusan babu mai yawan taurari a cikinsu lokacin da suke sakandare. Ya ci wasa 11 a kakar farko. A ta biyu ya ɗauko mai jifa Fernando Mendoza daga Jami'ar California, ya ci wasa 16 babu faɗuwa, ya ɗaga kofin ƙasa. Cignetti tsohon mataimakin Saban ne, shi ne ma ke kula da zawarci a Alabama daga 2007 zuwa 2010. Dokar da ta zubar wa Alabama 'yan wasa ita ce ta ba Indiana damar gina ƙungiya cikin shekara biyu, aikin da a tsohon tsari zai ci huɗu ko biyar, in ma ya yiwu.

Sai dai kundin ba ya ba kowa abin da ya ba Indiana. Florida State ta dogara da shi ta ci wasa 13 a 2023, ta sake dogara da shi ta ci biyu ta faɗi goma a 2024.

Kalandar da ke kori koci tun kaka ba ta ƙare ba

Tambayar da magoya baya suka fi yi ita ce me ya sa ake korar koci a Oktoba, kuma me ya sa koci ke gudu ƙungiyarsa na tsakiyar neman kofi. Amsar tana cikin kalanda. Wasannin rukuni suna ƙarewa a ƙarshen Nuwamba, yaran sakandare suna sa hannu bayan 'yan kwanaki, gasar kofin ƙasa kuma sai bayan tsakiyar Janairu take ƙarewa. Jami'ar da ta jira kaka ta ƙare kafin ta naɗa koci ta yi asarar yaran shekara guda.

Shi ya sa Penn State ta sallami James Franklin, Jami'ar Jihar Louisiana, wato LSU, ta sallami Brian Kelly, duk a Oktoban 2025, duk da cewa kuɗin sallamar da ke rubuce a kwantiragin kowannensu ya kai kusan dala miliyan 50 ko fiye. Kafin su, Texas A&M ta amince ta biya Jimbo Fisher sama da dala miliyan 75 a 2023 don ya tafi. Ranar 30 ga Nuwamban 2025 Lane Kiffin ya bar Jami'ar Mississippi, wato Ole Miss, ya koma LSU, bayan ya ci wasa 11 cikin 12, ƙungiyar na shirin shiga gasar kofin ƙasa karon farko, kwana uku kafin ranar sa hannu. Ya nemi a bar shi ya kammala gasar, jami'ar ta ƙi, domin ba ta ga yadda za ta bar kocin abokiyar hamayya yana kwana yana tashi da 'yan wasanta ba. Mataimakinsa Pete Golding ya karɓa, ya kai su wasan kusa da na ƙarshe.

NCAA ta gyara wani sashe a ƙarshen 2025. Yanzu sau ɗaya ake buɗe kundin a shekara, daga 2 zuwa 16 ga Janairu, an soke na Afrilu. Idan koci ya tafi kuma, ba a buɗe wa 'yan wasansa nan take, sai kwana biyar bayan an naɗa sabo, na tsawon kwana 15.  Amma ranar sa hannu ta Disamba tana nan, ita ce kuma ke ingiza korar gaggawa.

Masu goyon baya da masu suka

Hujjar masu goyon bayan sabon tsari ta daidaito ce. Suna cewa koci na karɓar sama da dala miliyan 10 a shekara daga wasan da yara ke karya ƙashi a cikinsa, yana kuma tafiya duk sa'ad da ya ga dama. Sukan tuna cewa Saban da kansa, yana kocin Miami Dolphins ta NFL a Disambar 2006, ya faɗa wa 'yan jarida ba zai zama kocin Alabama ba, bayan mako biyu ya karɓi aikin. Suna ƙara da cewa ƙasa da kashi biyu cikin ɗari na 'yan wasan jami'a ne ke kaiwa NFL, don haka ga mafi yawansu shekarun jami'a su ne kaɗai lokacin da gwanintarsu ke da farashi.

Masu suka ba duka ne ke adawa da biyan 'yan wasa ba. Saban ya ce yana goyon bayan a ba su kaso, abin da ya dame shi shi ne rashin ƙa'ida. Ya shaida wa ESPN cewa bayan wasansa na ƙarshe, mafi yawan 'yan wasan da ya zauna da su abu biyu suke tambaya, tabbacin za a sa su a wasa da nawa za a biya su. Ya kuma ambaci shekarunsa, cewa ya yi masa wuya ya ba iyaye da mataimaka tabbacin zai ƙara shekara huɗu. Dabo Swinney, kocin Jami'ar Clemson, ya yi shekaru yana ƙin ɗaukar 'yan kundin, yana cewa renon yaro daga shekarar farko zuwa ta huɗu shi ne aikin jami'a. Akwai kuma ƙorafin da kusan kowane koci ke yi, kowane koci kuma ake zarginsa da shi: tuntuɓar ɗan wasan wani ta hannun wakili tun bai shiga kundi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sauyin koci kuma ita ce tsagar da ta fi kowace faɗi.

Idan aka auna, kowane ɓangare ya faɗi gaskiya a kan abu daban. Tsohon tsari bai iya tsayawa a gaban kotu ba, kuma babu alamar zai dawo. Sabon kuwa ya ba 'yan wasa 'yancin da ko ƙwararrun NFL ba su da shi, domin su suna da kwantiragi da ƙungiyar ƙwadago da ta zauna da masu kulob aka amince da iyakar albashi. Dokar hana babakere ta Amurka tana yarda da irin waɗannan iyakoki ne idan da ƙungiyar ma'aikata aka yi yarjejeniyar. Jami'o'i ba sa son a kira 'yan wasa ma'aikata saboda haƙƙoƙin da za su hau kansu, don haka duk iyakar da suka sa su kaɗai tana iya ƙarewa a kotu. Wannan ne ya sa NCAA ta daɗe tana roƙon majalisar dokokin ƙasar ta yi mata dokar kariya.

Waɗanda ke ji a jikinsu

Tauraro irin Downs ba shi da asara ko ya tsaya ko ya tafi. Nauyin yana sauka ne a ƙasa. Na farko shi ne ɗan sakandare mai tauraro biyu ko uku. Kocin da aka ba shekara biyu ya nuna sakamako zai fi son ɗan shekara 22 da ya buga wasa talatin a wata jami'a a kan ɗan shekara 18 da sai an rene shi, kuma kowane gurbi da aka ba na farko an hana na biyu. Idan kuma aka kori kocin da ya yi wa yaro alƙawari ana saura mako guda a sa hannu, yaron ya shiga gaba kura baya sayaki: sabon koci bai san shi ba, sauran jami'o'i sun cike gurabensu.

Na biyu shi ne ɗan benci. Sabon koci yakan gaya wa waɗanda ba su dace da salonsa ba cewa gara su nemi wani wuri, kamar yadda koci Deion Sanders ya yi a bainar jama'a da ya isa Jami'ar Colorado, inda gomman 'yan wasa suka bar ƙungiyar kafin kakar 2023. Shiga kundi ba ya nufin samun gurbi. Jami'ar da ɗalibi ya bari tana iya janye tallafin karatunsa a ƙarshen zango, wanda bai samu mai ɗaukarsa ba ya rasa wasa ya rasa makaranta. Wanda ya samu ma, ba duk darussan da ya ci ne sabuwar jami'a ke ƙirga masa ba, digirin da aka ce shi ne ladan wasan yana ƙara nisa duk lokacin da aka sauya sheƙa.

Magoya baya kuwa su ake miƙa wa ƙoƙon bara. Bayan kuɗin tikiti da gudummawar da ake biya kafin a samu kujera mai kyau, yanzu ana neman su zuba a asusun biyan 'yan wasa. Jami'ar Tennessee ta ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan tikitin 2025, ta kuma faɗa a fili cewa na biyan 'yan wasa ne. Ƙananan jami'o'i sun zama gonar manya, duk yaron da ya yi fice a can bayan kaka guda an ɗauke shi, ba a biya makarantar da ta rene shi komai ba.

Akwai sashen da ya shafi matasan Afirka da ke zuwa Amurka ta hanyar wasanni, irin su Prince Tega Wanogho, wanda ya taso daga jihar Delta a Najeriya ya je wata sakandare a Alabama da niyyar ƙwallon kwando, ya ƙare yana buga wa Auburn ƙwallon Amurka. Bizar ɗalibai ta taƙaita irin aikin kuɗin da baƙo zai iya yi a ƙasar, don haka ɗan wasan da ya zo da ita ba ya iya karɓar kuɗin talla a sake kamar abokin wasansa Ba'amurke ba tare da ya jefa zamansa cikin haɗari ba.

Tun da aka fara raba kuɗi kai tsaye, jami'o'i sun koma sa 'yan wasa su sa hannu a yarjejeniyar shekara ɗaya ko biyu, wasu har da sharaɗin biyan diyya idan ɗan wasa ya tafi. A Yunin 2025 Jami'ar Wisconsin ta kai Jami'ar Miami ƙara, tana zarginta da hure wa mai tsaron bayanta Xavier Lucas kunne ya bar ta bayan ya sa hannu a yarjejeniyar shekara biyu. Idan kotuna suka tabbatar da ƙarfin irin waɗannan takardu, jami'ar da kocinta ya tafi za ta samu abin riƙe 'yan wasanta da shi, ko aƙalla a biya ta kafin a ɗauke su, abin da Alabama ba ta da shi a Janairun 2024. Idan suka rushe su, jiran kwana biyar kafin a buɗe kundi ne kaɗai zai tsaya tsakanin sabon koci da watsewar ƙungiyar da ya gada.